Shatin Da Ba Na Ƙahonsa Ba

Ƙarfen sakiya ya riga ya yi ja. Muttaka ya juya shi cikin garwashi, ya sake juyawa, alhali babu sauran gefen da wuta ba ta ci ba.

"Gasa shi kake ka ci?" in ji Inno, mahaifiyarsa, daga bakin ɗakinta. "Ubanka da yanzu ya gama, ya wanke hannu, ya karya kumallo."

Muttaka wanzami ne ɗan wanzami, kuma Inno ta yi shekara talatin tana danne wa ubansa ƙafafun mata idan za a yi aiki. Ta san sana'ar. Shi ya sa maganarta ke da zafi.

Salima, matarsa, tana zaune kan tabarma a inuwar rumbu. Ta miƙe ƙafar dama, ta janye zani zuwa saman gwiwa. Gwiwar ta yi kamar ƙwaryar da aka kife. Yau kwana tara tana salla a zaune. Ba ta kallon wutar. Ta mayar da fuska wajen turke, inda ragon da take kiwo domin layya ke tuƙa.

Ya bar ƙarfen, ya durƙusa gabanta, ya danna ƙoƙon gwiwar da babban yatsa. Ƙoƙon ya nutse, ya taso, kamar ludayi a bakin randa. Akwai ɗumi, amma ba zafin maruru ba. Babu baki, babu inda ya yi laushi. Ita sakiya aikinta ɗaya ne: a huda inda mugunya ta taru, ta fito, mutum ya huta. Ya yi ta ba adadi. Amma mugunya ba ta tafiya. Wannan kumburin kuwa, wata biyu da suka wuce a gwiwar hagu yake. Ya yi masa ƙaho sau uku, ya saɓe, aka yi hamdala. Bayan mako uku sai ga shi a dama, kamar baƙon da ya sauya masauki.

Me ke tafiya cikin jikin mutum daga ƙafa zuwa ƙafa? Ta wace hanya yake bi? Tun asuba tambayar ke cin sa. Kuma ya taɓa ganin wanda aka huda wa gwiwa a Galadi. Har yau da sanda yake tafiya.

"Inno, wanga abu bai nuna ba."

"Sanyi na, ya taru. A huda shi."

Ya ɗauki ƙarfen, ya tsoma shi cikin kaskon ruwa. Ya yi cuuu, tururi ya tashi. Salima ta saki numfashin da ta riƙe.

"Ƙaura za mu," ya ce. "Asibiti."

Inno ta tafa hannu. "Ɗan wanzami! To ka ji da kyau. In rana ta hwaɗi ba a huda gwiwar ɗiyar mutane ba, gobe Alhamis. Sai in aika kasuwar Shinkahi a ɗauko mini ɗan Maraɗin nan mai kohunan gilashi. Shi hannunai ba ya rawa."

Muttaka ya dubi matarsa. Ita ragonta take kallo.

Wata huɗu ke nan yana ɗauke da mutumin Maraɗin a ƙirjinsa, ba wanda ya sani.

Farkon damina ne. Zazzaɓi ya kwantar da Salima, ga ciwon kai, ga kaluluwa. Ya ɗauko zabirarsa zai yi mata ƙaho. Tana kwance rub da ciki, zani ya ɗan zame. A bayan cinyarta ta hagu, sama kaɗan da gwiwa, ya ga shati. Zagaye, kamar an kifa abu an ɗauke. Gefen ya yi duhu, cikin ya ɗan washe, ga baƙin ɗigo a tsakiya. Ya san bakin kowane ƙaho da ke cikin zabirarsa, guda bakwai, tun na kakansa. Babu mai faɗin wannan. Kuma babu tsagar aska ko ɗaya. A lokacin maganar da ake yi a majalisar wanzamai ke nan: wani ya zo daga Maraɗi, yana kafa kofin gilashi da wuta, ba ya ko tsagawa. Salima kuwa ba ta daɗe da dawowa daga gidansu a Badarawa ba, kusa da Shinkafi.

Ya rufe zabirar ya fita.

Ba wai yana zarginta da namiji ba ne. Ya san wadda ya aura. Abin da ya ci masa rai daban ne: matar wanzami ta tsallake ƙaho bakwai ta je ta miƙa ƙafarta ga kofin shan shayi. Bai tambaye ta ba. Tambaya tana nufin a ba shi amsa, amsar kuma ba ya son ji. Zazzaɓin ya tafi da kansa. Shatin ma ya ɓace. Shi ne bai warke ba. Tuwo ya ci, gaisuwa ya amsa, iyaka.

A tashar Zurmi 'yan agaji biyu suna tsaye bakin mota suna raba zama, kamar yadda aka koma yi tun da aka ƙaddamar da Shari'a: maza gaba, mata baya. Matan suka matsa, suka bar wa Salima gefen taga, wata ta ɗora mata ƙafar kan ƙullin kayanta. Muttaka ya zauna kusa da direba, zabira kan cinya. Bai san me ya sa ya ɗauko ta ba. Sabo.

"Sarkin aska, ina zuwa da sassahe?" in ji direban. Muttaka ke yi masa aski duk Juma'a.

"Asibiti."

"Kai? Asibiti?" Ya yi dariya har ya buga sitiyari. "Jama'a ku ji. Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa."

"Tuƙa motarka."

Dawa ta fitar da kai dama da hagu, ta fara rusunawa. Rediyon motar yana ta bayani kan sababbin kotuna, maza biyu a bayansa suna gardama a kai. Bai saurare su ba. Duk ramin da motar ta faɗa, sai ya ɗaga ido ya dubi madubi. Yana hango rabin fuskar Salima cikin hijabi, ta cije leɓe. Ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Ya riƙa lissafa jijiyoyin da ubansa ya koya masa. Wadda ta sauko daga ƙugu. Wadda ta bi bayan ƙafa zuwa agara. Babu wadda ta haɗa gwiwa da gwiwa. To ta ina abin ya ƙetare?

Suka tsallake layin dogo, suka shiga Ƙaura Namoda rana ta ɗaga.

Ya yanki kati. Bencin mata daban, na maza daban. Ya zauna yana kallon ƙofar da aka shiga da ita har inuwar dogon yaro ta janye daga ƙafafunsa. Sai wata nas ta leƙo. Sunanta Alheri, an rubuta a ƙirjin rigarta, kuma Hausarta ta mutanen Zuru ce.

"Wane ne mijin mai gwiwa?"

Ya miƙe.

"Kai ka yi mata zanen nan na hagu?"

"Ni ne."

"Hannunka na da kyau. Layi-layi kamar an auna." Ta riƙe masa labule. "Sai dai ba wurin ba ne. Shigo, likita na son mijinta ya tsaya."

Likitan saurayi ne, bai fi Muttaka shekaru ba. Mahmud sunansa. Ya naɗe hannun riga yana danna gwiwar, daidai inda Muttaka ya danna da safe, da babban yatsa. Ƙoƙon ya nutse ya taso.

"Ruwa ne," in ji likitan.

"Na sani," in ji Muttaka.

Likitan ya ɗago, ya dubi zabirar, ya yi murmushi. "Ashe abokin aiki ne. Me ka yi niyyar yi mata?"

"Sakiya."

"Me ya hana?"

"Yana tafiya. Da a hagu yake."

Likitan ya daina murmushi. Ya ce a maimaita masa, ya rubuta. Sannan Alheri ta wanke gwiwar da wani ruwa ja, har sau uku. Likitan ya fasa sabon sirinji daga leda, ya shigar da allura ta gefen ƙoƙon. Salima ta damƙe ƙarfen gado. Muttaka ya matso har ya kusa taka ƙafar likitan.

Ba jini ba ne. Ba mugunya ba ce. Wani ruwa ne rawaya-rawaya, da ɗan gurɓi, kamar romon kaza da ya huce. Sirinji ya cika, aka sauya wani. Gwiwar tana saɓewa a kan idonsa.

Shekara goma sha biyu yana zuƙar ƙaho, yana juye abin da ya fito cikin ƙasa, yana binnewa. Mataccen jini, haka ubansa ya kira shi, haka shi ma yake gaya wa mutane. Bai taɓa ganin wannan ba.

"Ina za a kai shi?"

"Ɗakin gwaji. A shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma," in ji likitan.

Muttaka ya dubi sirinjin. Sannan ya ce, "Ana barin mutum shi gani?"

Alheri ta yi dariya. Likitan bai yi ba. "Ka dawo bayan azahar."

Muttaka ya yi salla a masallacin asibitin, ya sayo wa Salima fura, ya miƙa wa Alheri ta kai mata. Shi bai sha komai ba.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, yana warin magani. Babu wuta, don haka an jawo madubin kusa da taga. Likitan ya nuna masa inda zai sa ido, ya ce ya rufe ɗayan. Da farko haske kawai ya gani, da inuwar gashin idonsa. Likitan ya murɗa wani abu. Sai ga su.

Ɗige-ɗige ne, zagayayyu, kowane da ƙulli mai shuɗi a cikinsa. Cunkus. Kamar ka hau kuka ka leƙa kasuwa ranar cinta.

"La ilaha illallahu. Su ne cutar?"

"A'a. Waɗannan nata ne. Kai ma kana da su, ni ma. Fararen ƙwayoyin jini. Su ne masu tsaron jiki."

"To ina cutar?"

"Ban gan ta ba."

Muttaka ya ɗago kai. "Ban gane ba, likita."

Likitan ya zauna kan tebur. "Kana noma?"

"Dawa da gero."

"To a ce ɓarawo ɗaya ya faɗa gonarka yanzu, dawa ta fi mutum tsawo. Aka yi kuwwa. Gari ya fito da sanduna, aka bazu cikin gonar ana nema. Da yamma ka zo ka duba. Wa ya fi yi maka ɓarna?"

"Masu nema."

"To ka ga kumburi. Ƙwayar cuta ta shiga jini, jini ya kai ta ko'ina. Ta sami gaɓa ta laɓe. Jiki ya yi kuwwa, hanyoyin jini suka buɗe, waɗannan suka kwararo, ruwa ya biyo su. Ɗumin da ka ji, da ciwon, duk hayaniyarsu ce. Ita kanta ƙwayar ba ta da yawa, ga ta siririya. Sau da yawa ba a kama ta a madubi."

"Shi ya sa yake tafiya," in ji Muttaka a hankali. "Ba kumburin ke tafiya ba. Kuwwar ce ke tashi a wata unguwa."

"Ka riga ni."

Muttaka ya sake sa ido. Ya daɗe. "Mi ya sa gwiwa? Ga ciki, ga ƙirji."

"Wannan ni ma ina so in sani. Littafi ya ce ta fi son manyan gaɓoɓi. Dalilin, malamanmu ma ba su gama yarda da juna ba."

"To ni da nake kafa ƙaho, wa nake fitarwa?"

"Jinin fata. Ƙahonka bai kai inda suke ba."

"Sakiya ta kai."

"Ta kai. Ka fasa katangar gonar ke nan, ɓarayin waje su shigo, irin masu yin mugunya ta gaske. Sukan cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki." Likitan ya sauko daga tebur. "Na nemi irinsu, ban gani ba, alhamdu lillahi. Saura mu san ta wace ƙofa na farkon ya shigo. Zo mu tambaye ta."

Salima na zaune bakin gado, an naɗe gwiwar da bandeji. Likitan ya ja kujera.

"Baiwar Allah, kafin gwiwa, kin yi wani ciwo bana?"

"Zazzaɓi, farkon damina. Da kaluluwa."

"Wani abu ya fito miki a fata? Ƙurji, ko tabo?"

"Akwai wani zagaye da ya fito mini nan." Ta nuna bayan cinyarta ta hagu. "Da fari kamar bakin kwalba. Kullum yana faɗi, har ya kai murfin kwano. Sannan ya baje."

Muttaka yana tsaye jikin bango. Yana faɗi. Shatin ƙaho ba ya faɗi. Raguwa yake yi. Sau ɗaya ya kalle shi, bai sake ba.

"Kin san abin da ya kawo shi?"

"Kaska ce," in ji Salima, kamar wadda aka tambaya farashin gishiri. "Ta ragona. Ina cire masa su da hannu, ashe ɗaya ta hau ni. Sai da ta ƙoshi sannan na ji ta wajen wanka. Na fizge ta da farce, kan ya maƙale a ciki."

Likitan ya buga biro a kan katin. Alheri ta ja labule ta duba, ta ce akwai ɗan tabo kamar ƙwayar gero.

"Kin gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa cizon kaska, likita? A yi mini dariya?"

Ba wanda ya dubi Muttaka. Ya gode wa Allah da haka. Zabirar ta yi masa nauyi a kafaɗa, ya sauya mata gefe.

Likitan ya juyo gare shi. "Kaska na ɗauke da cututtuka iri-iri. Takan kwana tana shan jini, tana zuba yawu don kada jinin ya daskare, kada kuma a ji ta. Cikin yawun ƙwayar ke bi. Akwai wadda littattafanmu suka kawo: zobe a fata, zazzaɓi, sai ta yi shiru, bayan watanni ta ɓullo a gwiwa. Sun ce a ƙasashen Turawa ta fi yawa. Ko ita ce wannan, ko wata 'yar'uwarta, ba ni da abin gwadawa a nan. Ba zan yi maka rantsuwa ba."

"Ashe ku ma kuna lalube."

"Muna yi. Sai dai maganin waccan yana kashe da dama cikin danginta." Ya dubi Salima. "Kina da ciki? Kina shayarwa?"

Ta sunkuyar da kai, ta girgiza. Ya rubuta.

"Kafso ne, safe da yamma, mako huɗu, ko ta ji sauƙi kada ta bari. Ku dawo bayan mako biyu. In zazzaɓi ya taso, ko gwiwar ta yi zafi sosai, ku zo ran nan. Sannan ka ji wannan, sarkin aska, don kai za a matsa wa. Ruwan zai iya dawowa. Ko ɓarawo ya mutu, masu nema ba sa watsewa nan take. Kada ka ga ya dawo ka ce magani bai yi ba."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba."

A mota ba su yi magana ba. Ba dama ma: shi gaba, ita baya. Bai dubi madubi ba ko sau ɗaya.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga gida. Inno na tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta zo ta tsuguna, ta ɗaga gefen bandejin, ta ga ɗigon allura.

"Ahaf! Ashe sakiyar dai sunka yi. Sai dai tasu mai sanyi ta."

"Sun ce zai iya dawowa," in ji Muttaka.

"To amfanin mi? In ya dawo sai a yi mai zahi."

"Ba za a yi ba."

"Ubanka..."

"Baba bai ga abin da na gani ba, Inno. Ba ni ba, ba ɗan Maraɗi ba, ba kowa ba. Mako huɗu."

Bai taɓa katse ta ba tun da aka haife shi. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta koma ta ɗauki rariyarta, tana magana da garin, ba da shi ba.

Ƙarfen yana nan cikin kaskon ruwa inda ya bar shi. Ya ɗauka, ya goge da gefen riga, ya tsaya yana juya shi. Ya san kansa. Ya san ranar da gwiwar za ta sake cika, Inno na bakin ɗaki, maƙwabta na shigowa dubiya kowa da shawararsa. Ya miƙa wa Salima.

"Ki ɓoye. Ko na tambaya kada ki ba ni."

Ta karɓa, ta tura ƙarƙashin tabarma, ta zauna a kai.

Ya zuba kananzir a gwangwani, ya ciro hantsaki daga zabira, ya nufi turke. Ragon ya yi tsalle, ya danne shi da gwiwa, ya juya kunnen. Suna nan jere a ciki, wasu ƙanana kamar riɗi, wasu sun cika sun yi toka-toka. Ya kama ta farko daga can gindi, daf da fata, ya ja a hankali har ta saki da kanta. Ya jefa a gwangwani.

"Daga yau ba ki taɓa su da hannu," ya ce, bai juyo ba. "Gobe zan mayar da turken bayan gida."

"To."

Ya cire ta biyu. Ta uku.

"Maigida."

"Na'am."

"Ranar da nike zazzaɓi, ka shigo da zabira, ka fita ba ka yi mini komi ba. Tun ran nan ban sake gane maka ba. Na bincika kaina har na gaji. Mi na yi?"

Hantsakin ya tsaya. Ragon ya fizge kunne, ya sake kamawa.

"Shatin na gani."

"Sai me?"

"Na ɗauka ƙaho ne."

"Ƙahon wa? Kai da ba ka yi mini ba?"

Ta tsura wa ƙeyarsa ido. Yana jin lokacin da ta gane, don numfashinta ya sauya.

"Ɗan Maraɗi?" ta ce. "Ni? Mutumin da ko kalar rigarsa ban sani ba?"

"Kin je Badarawa."

"Suna na je!" Ta rufe baki da gefen mayafi. Ya ɗauka kuka za ta yi. Kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce, irin wadda ke fitowa da hawaye, har ta riƙe gwiwar don kada ta motsa. "Wata huɗu! Wata huɗu ina ƙara wa miya daddawa, ina cewa ko ita ce. Ashe sarkin aska da kaska yake gaba."

"Ya isa."

"Bai isa ba. Inno! Zo ki ji..."

"Salima."

Ta share ido. Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Da ka duba shi sau biyu, da kai za ka fara ganewa. Idonka ya fi na kowa a garin nan."

Wannan ta fi dariyar zafi. Ya sunkuya kan kunnen ragon. Can ciki akwai wata babba, ta sha ta yi tim kamar ƙwayar wake. Ya kama ta, ya ja, ta fito ɗungum da kanta. Bai jefa ta ba. Ya ɗaga hantsakin saitin hasken da ya rage a kan katanga, ya matso da ita kusa da ido. Ƙafafu takwas suna motsi a iska. Bakin ɗan mitsitsi, da ƙyar ake ganinsa. Ba aska, ba kakin toshe ƙaho, ba wuta. Ta huda, ta zuƙa, ta kwana tana aiki, mai jiki bai ji ba. A wani wuri cikin wannan abin akwai wani abin da ya fi shi ƙanƙanta, wanda ko madubin likita bai kama ba.

"To ga ɗan Maraɗin naka nan a hannunka," in ji Salima. "Ka gaishe shi."

Muttaka ya ƙara juya ta, ya dubi cikin, ya dubi bayan.

"Hannunsa ba ya rawa," ya ce.

Ya sake ta cikin kananzir. Sannan ya juya ɗaya kunnen.